Idan rini ya mai da gashi ruwan goro, kada mu yarda a maimaita bilicin

Makon jiya muna wajen kamu a Agege, ƙanwar amarya ta ja mu ɗaki ta zame ɗankwali. Ta je shagon gyaran gashi da hoto a waya, ruwan zuma take so, sai ta taso da kai kamar an tauna goro an fesa mata. Da ta yi ƙorafi, mai shagon ta ce ta koma ta zauna a ƙara mata bilicin, wai zai washe. Ta zauna. Yanzu gashin gaban goshinta in ya jiƙe miƙewa yake kamar cingam, ya tsinke a hannu. Jan kuma yana nan.

'Yan uwa mata, ba ita kaɗai ba ce, don dai ɗankwali yana rufa mana asiri ne shi ya sa ba a jin labari. A ganinmu rinin farko kuskure ne mai gyaruwa. Ɓarnar tana cikin na biyun, wanda ake yi a rana ɗaya cikin ɓacin rai.

Baƙin gashinmu ba launi ɗaya ba ne. A cikin kowane sili akwai sinadarin baƙi, akwai kuma na ja da rawaya da baƙin ya danne. Bilicin yana fara cinye baƙin, ja da rawaya kuwa sun fi taurin kai. Shi ya sa baƙin gashi ba ya tsallakawa kai tsaye zuwa ruwan zuma: sai ya bi ta ja, ya zo ruwan goro, sannan rawaya. Wadda ta taso da ruwan goro, a tsakiyar hanya aka sauke ta. Wadda muke gani a hoto kuwa, ko dai gashinta mai haske ne tun asali, ko zama biyu ko uku ta yi da makonni a tsakani, ko kuma, mu faɗi gaskiya, gashin kanti ne.

Gyaran launin ba shi da wuya in an san ƙa'idarsa. Shuɗi ne ke kashe ruwan goro, shunayya kuma rawaya take kashewa. Nan da yawanmu muke asarar kuɗi: a sayo shamfu mai launin shunayya saboda an gan shi a TikTok, a yi ta wanki babu canji, alhali kan ruwan goro ne, mai shuɗi yake buƙata. Shi ma shamfun ba rini ba ne. Yana rage kaifin jan, ya wanke bayan 'yan kwanaki, kuma yana busar da gashi, don haka sau ɗaya ko biyu a mako ya isa. Wanda ya fi shi aiki shi ne abin da masu shago ke kira tona, rini mara ƙarfi da ake haɗawa da ruwan haɗi mai lamba 10 ko ƙasa da haka. Lambobin nan mu riƙe su. Mai 10 kashi 3 cikin ɗari ne na sinadarin, mai 20 kashi 6, mai 30 kashi 9, mai 40 kashi 12. Duk wadda ta ɗauko mai 40 za ta ɗora a kan da aka riga aka yi wa bilicin, mu tashi daga kujerarta.

In kuma jan ya yi yawa, hanya mafi sauƙi ita ce a koma baya: a rufe shi da ruwan ƙasa mai duhu, irin rinin da ba ya buƙatar bilicin. Ba shi muka je nema ba, amma gashin yana nan a kanmu.

Sai dai akwai laifin da yake namu, kuma shi ne dalilin wannan rubutu. Ba ma faɗa wa mai gyara tarihin kanmu. Yawancinmu mun taɓa sa lalle a gashi, wata don furfura, wata don ƙarfi da sheƙi. Lalle kama silin gashi yake ya zauna daram, bilicin ba ya fitar da shi yadda ya kamata, sai ya cire baƙin ya bar jan lallen tsirara. Ko an yi wata shida da sawa, yana nan a jelar gashin. Wanda aka haɗa wa lallen da baba don ya yi baƙi, shi kuma kore yake iya komawa. Wasu garin lallen na kwali ana cakuɗa su da gishirin ƙarfe, wanda in ya gamu da ruwan haɗi yana iya ɗaukar zafi ya ƙone gashi. A Kano mai gyara za ta iya tambaya da kanta, don ta san mu da lalle. A Legas ko Fatakwal wataƙila ba zai zo mata a rai ba. In ba mu faɗa ba, wa zai faɗa?

Haka rilaksa. Gashin da aka sa wa rilaksa ya riga ya yi rauni. Ko rini na yau da kullum ana so a bar aƙalla mako biyu a tsakani, bilicin kuwa a kan irin wannan gashi caca ce. Ƙanwar amaryar nan kwana huɗu da sa rilaksa ta je, ba a tambaye ta ba, ita ma ba ta ce komai ba.

Ba mu wanke masu shago ba. Wadda ta san aikinta za ta gwada a ɗan sili daga ƙeya kafin ta taɓa sauran kai, ta shafa ɗigon rinin a bayan kunne a jira awa 48, saboda baƙin rini yana da sinadarin PPD da ke kumbura wa wasu fuska da fatar kai. Za ta kuma iya cewa wannan launin ba zai samu yau ba. Mun san wahalar hakan ana saura kwana biyu biki, ga mai kuɗi a hannu tana gaggawa. Amma wadda ba ta iya faɗin haka ba, bai kamata mu miƙa mata kai ba, komai kyan shagonta.

Wani abin da ba a cika lura da shi ba shi ne ruwa. Inda ruwan burtsatse ke barin jan tabo a bokiti da tayil, ƙarfe ne a cikinsa, kuma gashin da aka yi wa bilicin yana shan sa kamar soso. Sai launi ya fito da kyau daga shago, bayan wata guda ya ja, mu ɗora wa mai gyara laifin da ba nata ba. Mai irin wannan ruwa ta riƙa ɗauraye kai da ruwa mai tsabta.

Ita dai yarinyar an datse mata inda ya mutu, an rufe sauran da ruwan ƙasa. Ta ajiye abin busar da gashi mai zafi, tana sitimin duk mako, tana bi da man kaɗanya, kitsonta kuma manya ne marasa ja. Gashi kusan santimita ɗaya yake yi a wata, don haka gaban goshin zai kai baɗi kafin ya cim ma sauran. Ita ce ta ce mu rubuta, amma kada mu kama suna.