Kiɗan da aka ce "kyauta ne" ma yana da mai shi

Kwana biyun nan samari na yawan tare ni bayan na sauka daga aiki, tambayar ɗaya ce: sun fara fodkas a salula, ina za su samo kiɗan jenerik da ba zai jawo musu rigima ba?

Ni ma na ci tawa. Bara na ɗauki hira da wani dattijo makiyayi wajen Sakabal kan rijiyoyin kwarin Tarka, na ɗora waƙar wani sanannen mawaƙi a farko, na saka a intanet. Kafin gari ya waye an kashe sautin baki ɗaya. Laifina ne. Hirar minti arba'in, da kuɗin kabu-kabu, da megar da na ƙona, duk sun bi iska saboda daƙiƙa talatin na kiɗa.

To ga abin da na koya. Mu da muka yi lakwal, da mun ga an rubuta libre de droits sai mu ɗauka kiɗan ba shi da ubangida. A'a hwa. Ma'anarshi kawai ba za ka riƙa biya ba duk lokacin da aka saurara. Mai shi na nan, sharuɗɗanshi na nan, kuma sharuɗɗan ya kamata ka karanta kafin ka saurari daɗin kiɗan.

Rumbun sauti na Facebook, Sound Collection, kyauta ne, amma izininshi ya tsaya kan shafukan kamfanin Meta. Ka ɗauki shirin ka kai YouTube ko gidan rediyo, ka fita daga inuwar. YouTube ma na da nashi rumbun, wasu kiɗe-kiɗen ciki dole ka rubuta sunan mai su. A Freesound, inda ake samun ƙarar ruwa, ƙofa, tsuntsaye, kowane sauti da lasisinshi: CC0 ka yi yadda kake so, BY ka ambaci mai shi, NC kuwa ban da kasuwanci. Wannan NC ɗin ita ke kama mutane. Ranar da mai shagon salula ya ba ka jika biyu ka yi mishi talla cikin shirin, ka shiga kasuwanci ke nan.

Akwai na biya irin su Epidemic Sound da Artlist. Kayansu na da kyau, ban musa ba. Sai dai kuɗin rajista ake biya da katin banki, mu kuwa nan Nita da Airtel Money muka sani. Kuma gaskiya tsakani da Allah, ka sa piyano na Turai ƙarƙashin labarin farashin hatsi a kasuwar Kornaka, kamar ka sa wa raƙumi takalmin ƙwallo ne.

Kada kuma wani ya ce ai waƙar Shata ce, ya rasu tun 1999. Rasuwar mawaƙi ba ta sauke hakki, magada na nan. A ƙasarmu ma akwai dokar hakkin mawallafa ta 2010, wadda ta haɗa har da al'adun gargajiya, kuma akwai hukumar BNDA a Yamai da aka ɗora wa kula da wannan.

Shi ya sa ni na zaɓi gida. Na nemi wani mai gurmi a nan garin, muka zauna ya kaɗa mini sabon take na daƙiƙa ashirin, na biya shi, muka rubuta takarda da shaidu biyu: sunan shirin, inda zan saka shi, da alkawarin zan riƙa ambaton sunanshi. Wasu sun ce takarda tsakanin ƴan gari ɗaya rashin yarda ne. Ni na ga kariya ce gare shi ma, don gobe in shirin ya kawo kuɗi ya san inda zai tsaya.

Sauran sautuka kuwa, salularka ta isa. Guga na faɗawa rijiya, kukan raƙumi, amalanke bisa yashi, luguden mata da hantsi. Ka dai nemi izini in muryar mutum za ta fito sarai, kuma ka rufe makirfo da ƙyalle saboda iskar hunturu.

Na tara kusan talatin irinsu. Mai so ya same ni bayan La'asar da kile ɗinshi, sharaɗina ɗaya ne: ya faɗi cewa a Dakoro aka ɗauke su.