WA KE ZUBA WA JIF MAI?

Jama'a, akwai wata magana da ta yi yawa a bakin kasuwa, wadda ya kamata mu tsaya mu warware ta. In ɗan kasuwa ya sayar da babbar motarsa, watau jif ko Marsandi, ya sayi 'yar ƙarama wadda ba ta shan mai, kafin ya iso ƙofar rumfarsa labari ya riga shi zuwa. Sai ka ji ana raɗa, ana cewa ashe Alhaji ya karye. Yaran shago su riƙa ƙyafta ido, masu zuwa maula su rage gaisuwa, har wanda yake ba shi kaya bashi ya fara tambaya a ɓoye ko lafiya. Saboda tsoron wannan raɗa mutane da yawa suna nan riƙe da motar da ke cinye musu jari, suna murmushi a fili, cikinsu kuwa yana ƙuna. Mu a wannan jarida muna cewa wanda ya yi wannan musanya bai karye ba, lissafi ya yi. Waɗanda ya kamata a nuna da yatsa su ne manyan da suka ƙi saukowa daga jif, domin ba da kuɗinsu ake zuba mata mai ba.

Bari mu fara da lissafi, tun da da 'yan kasuwa muke magana, ku kuwa ba a koya muku ƙidaya. Ran 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya tsaya a filin rantsuwa ya ce tallafin mai ya ƙare. Kafin ranar nan litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin hukuma. Ba a yi mako guda ba ta kai wajen naira 500. A watan Yuli na wannan shekara ta haura 600, sa'an nan a watan Oktoba na 2024 ta tsallake naira 1,000 a Abuja da garuruwan Arewa. Tun daga nan farashin yakan ɗan sauka yakan hau, amma bai sake leƙo inda ya baro ba.

To, daga Kano zuwa Kaduna kimanin kilomita 230 ne, zuwa da dawowa 460 ke nan. Babbar jif mai silinda takwas takan sha kamar lita 15 a kowace kilomita 100, in ma direba mai hankali ne. Ƙaramar mota mai silinda huɗu, irin su Corolla, takan sha kamar lita 7. Watau a tafiya ɗaya mai jif ya ƙona lita 69, mai ƙaramar mota ya ƙona 32. Bambanci lita 37. A kan naira dubu kowace lita, naira 37,000 ke nan suka bi iska, alhali dukansu biyu Kaduna suka je, kuma dukansu sun dawo sun kwana a gida. In kowane mako Alhaji yakan yi wannan tafiya, a shekara ya zubar da kusan naira miliyan biyu. Ba mu sa kuɗin taya ba, ba mu sa baƙin mai ba, ba mu sa kayan gyara ba, waɗanda da dala ake shigo da su. Dila nawa na atamfa wannan kuɗi zai ƙara a rumfa? Buhu nawa na masara a Dawanau lokacin kaka?

Amma fa a yi hattara, kada garin gudun gara a faɗa gidan zago. Babbar mota ta rage masoya a kasuwar motoci, ƙaramar kuwa kowa ita yake nema, saboda haka dillali zai taya taka da wulaƙanci ya tsuga maka kuɗin tasa. Kada ka yarda da musanya a tsaye, a ce kawo taka ka cika kaza. A yi wa kowace kuɗinta daban, ka ji da kunnenka. Ka tafi da makanikenka, ba na dillali ba, ya duba inji da giya da ƙasan mota, ka kuma tabbata takardun kwastan na gaskiya ne. Wanda kuwa motarsa ta ɗaukar kaya ce, ko hanyar garinsu sai mai tsayin ƙafa, wannan ba da shi muke ba, kayan aiki ne yake riƙe da shi. Da mai riƙe mota don a gan shi muke.

Yanzu sai mu juya wajen masu gari, domin nan ne maganar take.

Sa'ad da aka cire tallafi an ce da mu mu yi haƙuri, mu ɗaure ciki, wai ƙasa ce ba ta da lafiya kuma magani da ɗaci yake. Talaka ya ɗaure. Mai babur ya jingine babur, malamin makaranta ya koma tafiya da ƙafa, mai kai tumatir kudu ya ga kuɗin mota ya fi kuɗin kaya. Ba a yi wata biyar ba sai ga labari a jaridu, a watan Oktoba na 2023, cewa za a saya wa 'yan Majalisar Tarayya sababbin jif-jif na ƙasar waje. Wakilai 360 ne, dattawa 109. Jaridu sun ce motar kowane wakili za ta kai kimanin naira miliyan 160, watau na wakilai kaɗai ya haura naira biliyan 57. Ku riƙe wannan. Mafi ƙarancin albashi, bayan doguwar ja-in-ja da ƙungiyar ƙwadago, an mai da shi naira 70,000 a watan Yuli na 2024. Leburan gwamnati da ke kan wannan albashi, in bai ci ba, bai sha ba, bai biya haya ba, sai ya yi shekara 190 yana tarawa kafin ya sayi motar wakilinsa guda ɗaya. Shi da ɗansa da jikansa da tattaɓa-kunnensa ba su isa ba.

Da aka tambaye su dalili, me suka ce? Wai hanyoyin ƙasar nan ba su da kyau, ƙaramar mota ba za ta jure ba. Kai jama'a! Wa aka zaɓa ya gyara hanyar? Wa ke zama kan kasafin kuɗi kowace shekara? Mutum ya ƙi gyara rijiya, sa'an nan ya ɗebi kuɗin unguwa ya saya wa kansa ruwan kwalba, ya ce ai kun ga rijiyar ta lalace. Mu da muke bin hanyar nan a cikin bas, mutum huɗu a kujerar mutum uku, ƙashinmu na ƙarfe ne? In da wakili zai bi hanyar garinsu a ƙaramar mota, ramin da ya fasa masa taya sau biyu ba zai kai baɗi ba a cike shi ba. Jif ita ce ta raba shi da sanin ramin, baƙin gilashi ya raba shi da ganin fuskokinmu.

Ku dubi kuma abin da take sha. Akwai Land Cruiser da tankinta ke ɗaukar lita 138. A farashin ƙarshen 2024 cika ta sau ɗaya ya kusa albashin lebura na wata biyu. Ba kuma ita kaɗai take tafiya ba, da ta gaba da ta baya da ta 'yan rakiya da ta masu jiniya. A watan Oktoba na 2024 Shugaban Ƙasa ya ba da umarni kada minista ya wuce mota uku a ayarinsa. Mun ji, mun gode. Amma ku lura, uku ita ce ragi! Ɗan kasuwa yana jin kunyar sauka daga mota ɗaya, minista kuwa an tausaya masa an bar shi da uku. Alhaji in ya shiga gidan mai hannunsa yake sawa a aljihunsa, shi ya sa yake lissafi. Mai girma kuwa takarda ake sa wa hannu a ofis, kuɗin ya fito daga baitulmali, watau daga harajin da aka karɓa a rumfarka da shingen da aka tare motar kayanka. Wanda ba shi ke biya ba, don me zai nemi mai sauƙin sha?

Za su ce mana ai mulki sai da kwarjini, ba a san shugaba a ƙaramar mota ba. Wannan tsohuwar waƙa ce. Ita aka rera wa iyayenmu a zamanin En'e, lokacin da ministoci ke yawo a dogayen motocin Amurka, talaka kuwa ana ɗaure shi a kan kuɗin haraji da jangali. Malam Aminu Kano da abokansa, da suka kafa NEPU ran 8 ga Agusta, 1950, ba da jerin motoci suka girgiza Arewa ba. Da keke da ƙafa da bayan akori-kura 'yan Sawaba suka shiga ƙauyuka. Malam ya rasu a 1983, gidansa na Gwammaja yana nan, kowa ya je ya gani ko fada ce. Har yau ana sa wa yara sunansa. Ministocin da suka wuce shi a hanya suna tayar masa da ƙura, wa ya tuna irin motarsu?

Ba a nan kaɗai ba. A Burkina Faso, Kyaftin Thomas Sankara, wanda ya yi mulki daga 1983 zuwa 1987, ya sayar da Marsandin gwamnati ya sa ministoci a Renault 5, 'yar ƙaramar mota mai araha. A Yurugwai, can Amurka ta Kudu, José Mujica ya yi shugabanci daga 2010 zuwa 2015 yana riƙe da tsohuwar Volkswagen ɗinsa, irin wadda muke kira ƙwaro. A ƙasar nan ma an taɓa yi. Gwamnatin soja ta Janar Obasanjo, daga 1976 zuwa 1979, ta mai da Peugeot 504 motar manyan gwamnati, kuma a Kaduna ake haɗa ta, 'ya'yanmu ne ke ɗaura mata ƙusa suna karɓar albashi. Ba mu ce mulkin soja abin so ba ne, amma wannan guda ɗaya sun yi daidai. Ƙasa ba ta rushe ba don kwamishina ya shiga 504.

Saura magana mai ɗaci, gyara kayanka kuwa bai zama sauke mu raba ba. Sa'ad da aka raba motocin nan na 2023, ba 'yan jam'iyyar gwamnati kaɗai ke majalisa ba. Akwai 'yan adawa, waɗanda suka hau mumbari suka yi kuka da hawaye saboda talaka. Shugabannin wata jam'iyyar adawa har roƙon wakilansu suka yi a fili kada su karɓa. Da mabuɗi ya zo, bakin mafi yawansu ya mutu. To in mu ma haka za mu yi ranar da Allah ya ba mu, me ya raba mu da su, ban da launin tuta? Talaka ba wawa ba ne. Yana ganin ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'a a motar haya, bayan wata shida ya dawo a jif, ya sauke gilashi rabi ya miƙo dubu biyu.

Saboda haka muna kawo shawara gaban rassan jam'iyya, na birni da na ƙauye, a tattauna ta a taron mako. Duk wanda zai tsaya takara da sunanmu, daga kansila har gwamna, ya sa hannu a takarda gaban jama'ar mazaɓarsa cewa ba zai karɓi motar alfarma da kuɗin baitulmali ba. In ofis ya ba shi ita dole, ya nemi a yi gwanjonta a fili, a saya masa mai silinda huɗu, ragowar kuɗin a faɗi inda aka sa shi, ko asibiti ko rijiyar burtsatse, a kuma manna takardar a ƙofar ofishin jam'iyya. Wanda ya ƙi sa hannu, a gode masa, a nemi wani. Shugabannin jam'iyya da ke da jif ta kansu ba mu da iko a kan dukiyarsu, amma muna roƙonsu su riga kowa sauka, domin ba a hana yaro abin da ya ga babba yana yi.

Ku kuma 'yan kasuwa, ku bar yi wa ɗan'uwanku raɗa. In kun ga ya zo a ƙaramar mota ku yi masa barka, ku tambaye shi nawa ya rage a wata. Ranar da ɗan takara ya shigo kasuwa da ayarinsa, na kowace jam'iyya ne har da tamu, kafin ku karɓi hula da atamfa ku aiki yaro ya ƙirga motocin da ke bakin ƙofa. Sa'an nan Sarkin Kasuwa, ko wani dattijo a cikinku, ya tashi ya tambaye shi a gaban kowa: ranka ya daɗe, waɗannan duka wa ke zuba musu mai?