INDARARO: A GYARA TUN KAFIN HADARI YA HAƊU

Ga damina ta ƙarato, saboda haka a wannan wata za mu ɗan tattauna a kan indararo, wanda 'yan'uwanmu Larabawa na nan ƙasar ke kira sabaloƙa. Kada mai karatu ya ga kamar ƙaramin abu ne. Ai ko ɗakin Ka'aba, wanda kakanninmu suka baro ƙasar Hausa dominsa, da nasa indararon, yana zuba cikin Hijir Isma'il.

Duk wanda ya zauna a Gadarif ya san halin baƙar ƙasarmu. Da rani ta dare, da damina ta sha ruwa ta kumbura. In ruwan rufi yana sauka a gindin bango, ƙasar wurin sai ta motsa harsashi, bango ya tsage. Mun kuwa san wanda ke samun wurin shiga in bango ya tsage.

Ga wani lissafi da mukan ba 'yan makaranta. Ɗaki mai rufin kwano, tsawo mita 10, faɗi mita 5. In aka yi ruwa na milimita 10, lita 500 ke nan ta sauka a kansa, wato ganga biyu da rabi. A shekara kuwa garin nan kan sami wajen milimita 600. To, mu da muke sayen ruwa a hannun masu amalanken jaki, ina dalilin barin wannan arziki ya bi Khor Abu Farga?

Wajen zaɓe, indararon kwano ya fi jure rana, amma yana tsatsa. Na roba ba ya tsatsa, sai dai zafin watan Afrilu kan busar da maras kauri ya fashe. Kowanne aka saya, a ɗan karkata shi wajen bututu, kamar santimita 1 a kowace mita 2, a kuma kafa masa maƙali aƙalla a kowace mita. Masu soro su tabbata bakinsa ya zarce bango sosai, a like gindinsa da siminti, a jera duwatsu inda ruwan ke faɗuwa.

Kafin ruwan fari, cikin watan Mayu, a hau a kwashe ganyen darbejiya da ƙura da sheƙar tsuntsaye. A zuba bokitin ruwa a gani ko yana kwanciya a wani wuri. Ruwan farko a bar shi ya wanke rufi, kada a tara. Ganga kuma a rufe ta ruf, domin sauron da ke kawo zazzaɓin dengi a ruwa mai tsabta yake ƙyanƙyasa. Ba mu manta da yadda cutar ta kwantar da mutane a jihar nan a 2023 ba.

Abu na ƙarshe, don Allah kada a juya bakin indararo cikin gidan maƙwabci. Mun taɓa zaman sulhu tsakanin dattawa biyu da suka shekara ba sa gaisawa, a kan katangar da ruwan ɗaya ya cinye wa ɗaya. Bututun da zai hana wannan bai kai kuɗin buhun dawa ba.

Allah ya ba mu damina mai albarka, amin. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.