ZAUREN MADEKALI: Wa Zai Yi Mana Bincike Kan Taɓin Hankali?

A wannan wata za mu taɓo maganar da ba a son yi a bainar jama'a, wato taɓin hankali. Kowa ya san gidan da aka ɓoye wani a ƙuryar ɗaki, ko aka sa masa mari. Babban asibitin masu wannan ciwo, na Jacquot, yana Kwatano, tafiyar fiye da kilomita 700 daga Malanbil. Talakan da ke noman shinkafa ina zai samu kuɗin mota, balle na magani? Shi ya sa Bahaushe ya ce rigakafi ya fi magani.

Sai dai rigakafin nan sai da sani. Dole wani ya zauna ya bincika abin da ke jefa samarinmu cikin shan tiramadol, da irin damuwar da rufe iyakar Nijar a 2023 ta jawo wa 'yan kasuwa da 'yan dako, da halin da mai jego kan shiga bayan haihuwa. Mai irin wannan aiki, ko ya gama digirin dokta, sai ya ƙara shekara biyu ko uku yana bincike a hannun manyan malamai.

An gwada an ga amfaninsa. A Zimbabuwe, Dokta Dixon Chibanda ya koya wa tsofaffin mata zama a kan benci a harabar asibiti suna sauraron masu damuwa, kuma binciken da aka buga a 2016 ya nuna mutane sun samu sauƙi. Shi ne ya jagoranci shirin AMARI da aka kafa a 2015 don horar da masu bincike har bayan digirin dokta, a Habasha da Malawi da Afirka ta Kudu da Zimbabuwe. Ba ko ƙasa ɗaya daga yammacin Afirka.

To, mu fa? Jami'ar Paraku na nan tun 2001, da sashen koyon likita. Baƙon da bai ji Hausa ko Dendi ba, mai ciwo ba zai buɗe masa cikinsa ba. Don haka muna kira ga iyaye su bar yara, maza da mata, su yi nisa a karatu. Attajiranmu na kasuwar Malanbil kuma su ɗauki nauyin ko da ɗalibi ɗaya, da sharaɗin in ya gama ya dawo gida ya yi aiki.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin. Sai wata mai zuwa.