Waiwaye: Idon Inna da 'Yan Tsakin Kebbe

Duk asubar da na ji carar zakara, zuciyata kan koma Kebbe, tsakar gidan kakata da muke kira Inna. Dukiyarta ba ta wuce akurki biyu na laka ba, amma daga cikinsu ake samun kuɗin sabulu da na magani, a kuma yanka wa baƙo.

Da zarar kaza ta cika kwana 21 a kan ƙwai ta ƙyanƙyashe, sai mu yara mu kewaye Inna da gardama. Wannan ya ce ƙwai mai tsini namiji yake fitarwa. Wancan ya kama ɗan tsako ya juya kansa ƙasa, wai idan ya yi ta fizge-fizge zakara ne. Inna ba ta kama ko ɗaya, kuma ita ke da gaskiya, don siffar ƙwai ba ta nuna namiji ko mace. Abin da take cewa kullum ɗaya ne: "Ku bari su yi arba'in."

Idan kwanakin suka cika, sai ta watsa tsakin gero ta zauna a kan tabarma tana kallo. Namiji zankonsa kan riga fitowa, ya yi ja, naman ƙarƙashin bakinsa ma haka. Ƙafafunsa sun fi kauri, yana miƙe wuya, yana tsokanar 'yan'uwansa. Mace zankonta ƙarami ne, bai yi ja ba tukuna, tana kiwonta kai a ƙasa. Sai Inna ta nuna da yatsa: "Wanga zakara na, wagga kaza ta." Wanda ya rikita ta, ba ta yanke masa hukunci. Takan jira wata uku, lokacin da gashin wuya da na gadon bayan namiji ke yin tsini da sheƙi, wutsiya ta lanƙwasa, na mace kuwa ya zauna a zagaye. Cara sai wajen wata huɗu ko biyar.

Kallon nan lissafi ne. Zakara ɗaya ya ishi kaji goma. Sauran mazan takan sayar gab da Sallah, ko kafin hunturu ya shigo da annobar da ke share akurki. Sagara kuwa, uwar gobe ce, sai dole take rabuwa da ita.

Na girma, aiki ya kai ni Tambuwal. Wata rana a bakin titin Sakkwato zuwa Jega na tarar da wani da kwalin 'yan tsakin gidan gona, 'yan kwana ɗaya, yana rantsuwa duk masu ƙwai ne. Arahar ta ja ni, na sayi 20. Ina ciyarwa, ina lissafin ƙwai. Mako shida na cika, na ga zanko ja a kan kowanne, sai maganar Inna ta faɗo mini.

Daga baya na fahimci yadda abin yake. Manyan gidajen ƙyanƙyasa suna ware maza tun ranar farko. Akwai dabarar duba duburar ɗan tsako, wadda masana a Japan suka fito da ita a shekarun 1920. A irin jajayen kajin nan masu ƙwai kuma launi ya isa: matan ja-ja ne, mazan fari-fari. Mazan da aka ware su ake sayarwa da araha, kuma nawa duk farare ne. Araha ba ta ado.

Don haka mai sayen 'yan tsakin gidan gona ya nemi dillalin da ya sani, ya duba launi, ko ya sayi waɗanda suka yi mako shida. Mai kajin gida kuma ya ba su lokacinsu.

Yanzu 'yata ke kewaye ni da tambayar da muke yi wa Inna. Nakan miƙa mata tsakin gero, in shimfiɗa mata tabarma, in ce ta bari su yi arba'in. Ina son ta tashi da sanin cewa ƙaramin abu, ɗan tsako ne ko ɗan mutum, ba a yanke masa hukunci kafin ya nuna kansa. Allah ya jiƙan Inna.