Ba Ƙa'ida Ce Ta Yi Wa 'Yan Sandanmu Ƙaranci Ba

Duk sa'ad da ɗan sanda ya harbe direba a shingen bincike, ko aka fito da gawar matashi daga caji ofis, maganar da ake yi ɗaya ce: a sake rubuta musu ƙa'idojin aiki, a kai su taron bita, a koya musu haƙƙin ɗan Adam. Masu sharhi a rediyo su faɗa, ƙungiyoyi su faɗa, hedikwata a Abuja ta amsa da kafa kwamiti. Ni ban yarda da wannan magani ba, domin ciwon da ake ba da shi dominsa ba shi ne ke damun mara lafiyar ba.

A duba abin da ke rubuce tun tuni. A 2013 Sufeto Janar M.D. Abubakar ya ƙaddamar da kundin ɗa'ar 'yan sanda. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta hana kama uba ko mata a madadin wanda ake nema, ta kuma ɗora wa majistare ziyartar caji ofis duk wata ya ga waɗanda ke tsare. Kaduna ta yi irin tata a 2017, Kano a 2019. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ta tanadi ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 25. A 2019 aka gyara umarnin rundunar 'yan sanda mai lamba 237, wanda a da yake ba ɗan sanda damar harbin mai gudu, aka taƙaita harbi ga inda rai ke cikin haɗari. A 2020 Shugaba Buhari ya sa hannu kan sabuwar Dokar 'Yan Sanda da ta maye gurbin ta 1943, ita kuwa ta hana kama mutum kan rigimar bashi ko saɓa yarjejeniya. Tsarin mulki ma ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya, ko biyu idan kotu na nesa.

To, wa ya rasa ƙa'ida a nan? Shekara guda kacal bayan gyaran umarni na 237 matasa suka cika tituna suna zanga-zanga kan rundunar 'yan sanda ta SARS, har aka rusa ta ranar 11 ga Oktoban 2020, bayan an sha alkawarin gyara ta a shekarun da suka gabata. Har yau ɗan kasuwa na kai wanda yake bi bashi caji ofis a jefa shi bayan kanta. Har yau kana tsaye ƙarƙashin takardar da ta ce beli kyauta ne, ana ciniki da kai kan kuɗin belin. Kurtun da ya karɓa ya san haramun ne. Shi ya sa yake rage murya. Taron bita me zai ƙara masa?

Abin da ya sani fiye da kowane kundi shi ne yadda gidan yake tafiya. Motar sintiri ba mai, sai mai ƙara ya zuba. Takardar rubuta bayani ma wani lokaci sai ya saya. Ofishin da gwamnati ta bari ya ciyar da kansa, daga aljihun jama'a zai ci, kuma abin da aka tara a titi ba a hannun mai bindigar yake ƙarewa ba. Wannan ba uzuri ba ne ga ɓarawo mai kaki. Amma idan abu ya ɓaci, bidiyo ya bazu a Facebook, wa ake tuɓe wa kaki a gaban 'yan jarida? Kurtu, kofur, saje. DPO kuwa, wato shugaban caji ofis, a canza masa wurin aiki, wataƙila ma ya fi na da maiƙo. An bar jaki ana dukan taiki.

Abin takaici, dokar hana azabtarwa ta 2017 ta riga ta hango wannan. Ta ce umarnin na sama ba hujja ba ne, ta kuma ɗora laifi kan kwamandan da aka azabtar da mutum a ƙarƙashinsa saboda sakacinsa. Mai karatu, DPO nawa ka ji an gurfanar da wannan sashe?

Za a ce horo na da amfani. Yana da shi, ga sabon shiga da bai san yadda ake tsayar da mota ba tare da ɗora yatsa kan kunama ba. Sai dai wata shida a kwaleji ba za su rinjayi shekara ashirin a ƙarƙashin ogan da ke jiran kasonsa duk yamma ba. Masu murnar 'yan sandan jiha ma su lura: sauya mai biyan albashi bai taɓa wannan matsala ba.

Kirana ga Hukumar Kula da Aikin 'Yan Sanda da manyan alƙalan jihohi ne. A buga rahoton ziyarar majistare na kowane wata jama'a su gani. A tura kuɗin gudanarwa kai tsaye zuwa kowane caji ofis, a liƙa adadin a bango kusa da takardar beli. Duk inda aka mutu a tsare, a dakatar da DPO ranar, ya tsaya gaban alƙali ya yi bayani. Kafin a yi waɗannan, kada a sake kiran mu bikin ƙaddamar da wani sabon kundi.