Gida da katanga da maigadi, kwamfuta kuma ƙofa a buɗe

Duk wanda ya bi ta Sultan Road ko Lamido Crescent a Nassarawa GRA ya san mutanen unguwar ba sa wasa da tsaro. Ga doguwar katanga, ga waya a samanta, ga maigadi a bakin get, wasu gidajen har da kyamara. Amma a cikin irin waɗannan gidaje za a tarar da kwamfutar da yara ke buga gem da ita, ake kuma buɗe imel da WhatsApp a kanta, an kashe mata katangar tsaronta, wato fayawol, tun ranar da aka sa mata wata manhaja. Wannan ganganci ne, kuma yawanci matasan gidan ne ke yinsa.

Aikin fayawol kamar na maigadi ne. Kwamfutar da ke kan intanet tana da ƙofofin sadarwa har 65,535, kuma fayawol ce ke duba duk saƙon da ya zo, ta bar wanda aka nema ya wuce, ta tare wanda ya zo ba gayyata. Ba a sayenta da ko kwabo. Tun 2004 kamfanin Microsoft ke kunna ta kai tsaye a cikin Windows, har zuwa Windows 11. Matsalar ita ce yadda ake kashe ta. Firinta ta ƙi haɗuwa, ko an so tura fim daga waya ya ƙi tafiya, ko an sauko da gem ɗin sata mai umarnin a rufe tsaron Windows kafin a sa shi, sai a kashe komai, a manta ba a sake kunnawa ba.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A watan Mayun 2017 muguwar manhajar WannaCry ta kama kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150, har da na asibitocin Ingila. Ta ƙofa mai lamba 445 ta riƙa shiga, ta kulle fayilolin mutane, ta nemi fansar dala 300. Mai kwamfutar ba sai ya danna komai ba, barin ƙofar a buɗe ya isa. Kuma tun watan Maris na shekarar Microsoft ya fitar da gyaran, mutane ne ba su sabunta ba.

Wani zai ce ai rautar gida tana tare baƙin waje. Gaskiya ne, tana tare da yawa daga ciki. Amma wayfai ɗin gida ba na mutum ɗaya ba ne. Abokai sun karɓi kalmar sirri, baƙi sun karɓa, wataƙila har yaron maƙwabta. Na'ura ɗaya mai cuta ta hau, ta riga ta wuce get, sauran kariyar kwamfutar kuwa ita ce fayawol ɗinta. Haka lamarin yake idan aka ɗauki laftof zuwa otal ko gidan abinci aka hau wayfai ɗin jama'a.

Mai cewa shi rayuwarsa a waya take, shi ma abin ya shafe shi. Kalmomin sirrin da Chrome ya adana, da Gmail ɗin da ke riƙe da hotuna da lambobin wayarsa, da WhatsApp ɗin da ya bari a haɗe, duk suna kan kwamfutar. Wanda ya kutsa cikinta ya kama hanyar asusun banki.

Gyaran bai wuce minti biyar ba. A buɗe Windows Security, a shiga Firewall & network protection, a tabbatar duka sassan uku a kunne suke. Idan wata manhaja ce ta ƙi aiki, a ba ita kaɗai izinin wucewa maimakon rushe katangar baki ɗaya. A wajen gida kuma a zaɓi Public network. Sannan a canza kalmar sirrin da rauta ta zo da ita daga kamfani, domin da irin waɗannan kalmomi ne manhajar Mirai ta mamaye dubban rautoci da kyamarori a 2016.

Sai dai fayawol ba ta maganin komai. Ba ta hana ɓarawon da mai gida ya shigo da shi da hannunsa, kamar manhajar sata ko fayil ɗin da aka turo ta imel. Ba ta kuma maye gurbin sabuntawa. Windows 7 ta daina samun gyaran tsaro tun Janairun 2020, tallafin Windows 10 na yau da kullum kuma ya ƙare a Oktoban 2025, alhali tsofaffin laftof ɗin da ake saye a Kano da yawa su ne a kansu.

A gidaje da yawa matashi ne injiniyan gida, shi ake kira idan intanet ta ɗauke. To nauyin nan ma a wuyansa yake. Kuma duk wanda ya karɓo kwamfuta daga wajen mai gyara, kafin ya buɗe imel ko banki, ya fara duba ko an mayar da fayawol ɗin a kunne.